Ruwan da Na Zuba a Tulun Kaka

Gidanmu gidan zuma ne. Ƙauyenmu yana gefen hanyar Baure, kuma duk wanda ya sauka daga mota ya tambayi gidan masu amya, ƙofarmu za a nuna masa. Itatuwan ɗorawa da gawo da tsamiya da ke gonarmu ta gado, babu wanda ba a rataya masa amya ba. Kakana, mahaifin babana, shi ne mai wannan sana'a a lokacin da na yi wayo. Shi ma a hannun ubansa ya karɓa.

Zumar sayarwa daban take. Wannan a galan ake zuba ta, a ɗura a kwalabe, Baba ya kai kasuwa. Wadda nake son ba da labarinta ba a sayar da ita. Tana cikin wani baƙin tulu a ɗan ɗakin da ke bayan turakar Kaka, kuma sunanta a gidanmu jar zuma.

Ga yadda ake yin ta. Duk shekara idan aka sha zumar ɗorawa, wato aka kwashe ta daga amya, Kaka zai zaɓi saƙar da ta fi nuna, wadda ƙudan suka rufe bakinta ruf, ya tace ta ba tare da ta ga wuta ba, ya ƙara a tulun daidai abin da aka ɗiba a shekarar. Saboda haka tulun bai taɓa ƙarewa ba. Sabuwa tana shiga cikin tsohuwa, tsohuwa tana rina ta. Kaka ya ce kakan kakansa ne ya fara zubawa, kuma a kowane ludayi akwai ɗigon hannun kowane ɗaya daga cikinsu. Launinta ja ne mai duhu, kamar zoɓon da aka jiƙa ya kwana. Zaƙinta ba ya faɗa wa harshe da gudu irin na sabuwar zuma. A hankali yake zuwa, da ƙamshin hayaƙi da na furen ɗorawa, sannan wani ɗan ɗaci ya biyo baya ya zauna a maƙogwaro. Maijego ake ba wa, da wanda ya sauke Alƙur'ani, da mai tarin da ya ƙi jin magani, da tsohon da ya fara ture kwanon abinci. Ludayi ɗaya, kyauta, ko daga ina mutum ya zo.

Ludayin ma nasa ne shi kaɗai, na duma, ya yi baƙi ƙirin don tsufa. Ba a wanke shi. A goge da busasshen ƙyalle, a kife a rana, a mayar. Tun ina ƙarama nake tambayar dalili, amsar ɗaya ce: haka aka tarar. Ni kuwa a duniya babu amsar da na tsana kamar wannan. Da na je sakandare a Daura aka koya mana ƙwayoyin cuta, sai na yanke wa kaina hukunci cewa ƙazanta ce kawai aka ɗaura wa rawani.

Ni da Kaka wasan jika da kaka muke yi sosai. Amarya yake kirana, ni kuma ina ce masa angon da ba haƙori. Yakan ce bai taɓa ganin amaryar da ke tafiya kamar an kunna mata wuta a gefen zane ba sai ni. Gaskiyarsa ne. Ban iya jira ba. Ko shayi ne sai na ƙona baki.

A shekarar da na gama sakandare, cikin bazara, ciwon gwiwa ya kwantar da shi. Wata rana da hantsi aka aiko daga wani gida neman jar zuma, an yi haihuwa. Baba yana kasuwa, Inna tana tsakiyar surfe. Kaka ya kwance makulli daga igiyar wuyansa ya miƙo mini, yana cewa yau dai amarya za ta shiga ɗakin dukiya, Allah ya sa kada ta gudu da ita. Ba a taɓa aiken jika ɗakin nan ba sai ranar.

Ni kuma ranar ake kamun wata ƙawata a Baure. Na riga na ci ado, mai babur yana ƙofar gida yana danna mini oda.

Abu na farko da na yi, na wanke ludayin nan tas da sabulu, ina jin daɗi a raina cewa yau na yi wa gidan nan gata. Na ɓamɓare kakin da aka liƙe murfin da shi, na tura ludayi. Ya tsaya cak. Zumar ta yi kauri kamar ƙaro. Na danna, na karkata, da ƙyar ta ɗan hau, sannan ta tsaya tana shawarar ko za ta sauka a kwano. Oda ta sake tashi a waje. Sai idona ya faɗa kan butar alwalar Kaka da ke bakin ƙofa, rana ta ɗumama ruwanta. Na ɗauko na tuttule a tulun. Bai isa ba, na ƙaro rabin wata. Na ɗauko muciya a madafa na tuƙa har ƙasa, na tuƙa har ta saki ta yi laushi. Na cika kwano, na ɗora murfi, na mayar da makulli. Har na yi wa Kaka gori cewa abin da yake ɓata rabin yini a kai, ga shi na gama kafin ya gyara zama.

Ya yi dariya ya ce Allah ya yi albarka. Bai san me na yi ba. Ni ma ban sani ba.

Bayan kamar mako guda Inna ta aike ni ɗauko rariya a ɗakin, na karɓo makulli wurin Kaka. Ina buɗe ƙofa wani wari ya tare ni, mai tsami-tsami, kamar kunun da ya kwana biyu, amma yana hawa hanci. Tulun yana wata 'yar ƙara a hankali, kamar tukunyar da ta kusa tafasa. Kumfa ta ɗaga murfin tana gangarowa ta gefe.

Na goge kumfar, na danne murfin da dutse, na fito na ja ƙofa. Kwana uku ina haka, ina karɓar makulli ina fakewa da share ɗaki. Ni da ake cewa bakina ba ya riƙe magana, sai ga shi ya riƙe.

A rana ta huɗu na ɗiba a 'yar kwalba na tafi Baure wurin Madam. Madam 'yar kabilar Ibo ce, Kirista, tana da shagon kayan masarufi kusa da tasha, mijinta yana sayar da kayan gyaran babur. Ta girmi Innata, kuma Hausar bakinta ta fi tawa gishiri. Ta daɗe tana sayen zumarmu, kuma shekarar da tari ya kusa kashe mijinta, Kaka ya aika mata da ludayin jar zuma. Na zaɓe ta ne saboda na san za ta faɗa mini gaskiya, kuma ba za ta kai ƙarata gida ba.

Ta buɗe kwalbar ta shinshina, ta kalle ni, ta sake shinshinawa. Sai ta fashe da dariya har tana riƙe kanta.

"'Yata, wa ya koya miki dafa giya?"

Na ce wace irin giya, zuma ce. Ta ce ai ta sani, zuma ce da aka ba ruwa aka bar ta cikin zafi, kuma abin da take zama ke nan. Ta ce ɗanta ya taɓa kawo musu kwalbar jar giyar inabi daga ƙasar waje, irin wadda gida ɗaya ke yi tun kakanni, ana ajiye ta shekara da shekaru ana alfahari da tsufanta. Ta ce in na ƙara haƙurin wata biyu, tawa za ta fi waccan, ita ce ma za ta fara saye. Da ta ga ban yi dariya ba, sai ta tsaya ta tambaye ni daga wane tulu na ɗebo. Na faɗa mata. Ta ajiye kwalbar a hankali.

Ta ce in tashi in tafi gida yanzu, in faɗa wa tsohon da bakina kafin hancinsa ya faɗa masa. Ta rako ni har tasha, ta tsaya sai da ta ga babur ya tashi, wai don kada in sake shawara.

Na sami Kaka a inuwar zaure yana gyaran wata amya a zaune. Ban yi kwana-kwana ba, don ban iya ba. Na ce, "Kaka, na zuba ruwa a tulu."

Ya tambaye ni wane tulu, duk da ya sani. Ya dogara sanda ya tashi, na bi shi a baya. Ya ɗaga dutsen, ya ɗaga murfin, ya tsaya yana kallon kumfar. Na fara zuba surutu: ko a tafasa ta, ko a kwashe ta sama a bar ta ƙasa. Ya tambaye ni ko na juya. Na ce da muciya, har ƙasa. Ya ce zumar da ta hau wuta ba ita ba ce kuma, sannan abin da ake ba maijego da mahaddaci ba zai bayar da shi da shakka a ciki ba.

Na jira faɗa. Na so a yi mini faɗa. Abin da ya ce kawai shi ne, "To. A hannuna ta yanke."

A hannuna ya ce. Bai ce a hannunki ba. Har yau idan na tuna kalmar nan sai na ji kamar in nutse.

Da Baba ya dawo ya haƙa rami a bayan gida aka tuttule ta. Tulun ma aka fasa, don yumɓun ya riga ya sha. Kafin a rufe ramin ƙudan zuma suka sauko a kai, suka sha, suka riƙa tashi suna faɗuwa a ƙasa suna tangaɗi. Kaka ya ce a yi maza a tura ƙasa, kada a lalata masa bayin Allah.

Daga ranar ya daina ce mini amarya. Da sunana yake kirana, cikin ladabi, kamar baƙuwa. Tuwonsa yana dawowa da saura. Lokacin shan zuma ya zo, ya ce wa Baba a kai duka kasuwa, babu abin da za a zaɓa bana. Mutum biyu suka zo neman jar zuma, ya sa aka ce musu babu, shi kuwa ya shige ɗaki don kada su haɗa ido. Na ga tsohon yana raguwa a gabana, kuma na san wa ya jawo.

Inna ce ta buɗe mini wata ƙofa, muna tsintar wake. Ta ce a da, duk 'yar gidan nan da za a kai ɗakin miji, ana cika mata ɗan tandu da jar zuma, a liƙe bakinsa da kaki, a sa cikin kayanta. Tandu ɗan mazubi ne na fata, irin wanda ake zuba mai a ciki. 'Ya'yan Kaka mata uku ne. Ɗaya ta rasu. Ɗaya ta shanye nata a haihuwar fari, Inna ma ta taya ta. Saura Gwaggo babba da ke garin Babban Mutum, ita ba wanda ya san abin da ta yi da nata.

Ni na sani. Na taɓa ganin wani baƙin abu a ƙasan kwallarta sa'ad da na je hutu, na tambaya ta ce zuma ce, na ce ta ba ni ta hana, na ce mata marowaciya, ta bi ni da mafici.

Na ce to me ya hana Kaka ya aika a tambaye ta? Inna ta kalle ni kamar na yi saɓo. Ta ce abin da aka ba 'ya ta tafi da shi ba a bin sawunsa. Balle Gwaggo 'yar fari ce. Kaka bai taɓa kiran sunanta ba tunda aka haife ta, in ta shigo gaishe shi bango yake kallo, ita kuma ƙasa. Ta yaya zai buɗe baki ya roƙe ta?

Na ce shi ne ke jin kunyarta, ni ba na ji. Washegari da safe na hau babur.

Na tarar da Gwaggo tana aikin man gyaɗa, ta ɗora tunkuza a turmi tana juyawa. Doguwa ce, busasshiya, ba ta dariya sai ta ga dama. Na durƙusa na ce ina kwana, ta amsa, ta fara tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Tana kan lafiyar Inna na katse ta na ce na zo da magana.

"Gaisuwar ma sai kin zuba mata ruwa don ta yi sauri?"

Ashe labari ya riga ni zuwa. Ta miƙo mini muciya ta ce tunda an ce na iya tuƙi, in tuƙa mata wannan har mai ya fito. Na tuƙa har kafaɗata ta mutu, tana zaune tana ba ni labarin akuyarta. Duk sa'ad da na buɗe baki sai ta ce man bai fito ba. Sai bayan azahar, da muka ci ɗumame, ta tambaye ni ko Kaka ne ya aiko ni. Na ce a'a. Ta ce ta sani, ai da ya aiko da ta ɗauka ba shi da lafiya.

Ta shiga ɗaki ta fito da tandun, naɗe cikin tsohon zane. Kakin bakinsa ko tsagewa bai yi ba. Ta ce ranar da za a kai ta, kakarta, wato mahaifiyar Kaka, ita ta sa mata shi a hannu, ta ce mata wannan ba na harshenki ba ne, ajiyar gida ce. Ta gaya mata cewa a zamanin da ita tana amarya gobara ta cinye ɗakin tulun, kuma da tandun wata 'yar gidan aka tayar da jar zuma. Dalilin ba wa mata ke nan: don kada duka ta kwana a rufi ɗaya. Tsohuwar ta rasu kafin auren ƙannen Gwaggo, su sai aka ba su tandu ba a ba su maganar ba.

Na tambaye ta ko ba ta taɓa sha'awar buɗewa ba. Ta ce sau nawa. Da mijinta ya yi jinyar ajali ta ɗauko shi ta riƙe, ta mayar, ta tafi gida da ƙafa ta karɓo ludayi daga tulu. Ta faɗi wannan tana kakkaɓe zaninta, kamar ba komai ba.

Na miƙa hannu. Ta janye.

"Hannun da ya riƙe buta? Ni zan kai."

Da safe muka ɗauki babur biyu. Ta rungume tandun a cinya, tana yi wa mai babur faɗa a kan kowane rami. Tafiyar da nake yi kafin shayi ya huce, sai da rana ta ɗaga muka isa.

Kaka yana zaune a tabarma a tsakar gida. Da ya ga wadda ta shigo sai ya juya fuska wajen bango. Gwaggo ta durƙusa daga nesa, ta tura tandun gabansa, ta kalli Inna ta ce, "A gaya wa mai gidan nan ga ajiyarsu na kawo."

Kaka ya ce wa bango, "A ce mata an gani."

Ga su nan, taku uku tsakaninsu, Inna tana tsakiya tana kai saƙon da kowa ya ji. Da wata rana ce da na yi dariya.

Ya jawo tandun ya jujjuya shi. Ya sa wuƙa ya yanke kakin, ya nemi busasshen tsinke, ya goge shi a rigarsa har sau biyu, ya tsoma. Abin da ya fito ya fi wanda na lalata duhu, ja har ya kusa baƙi. Ya ɗora a harshe ya rufe baki. Mun daɗe muna jira. Ni dai na ƙudura ko zan mutu ba zan yi magana ba.

Can ya ce akwai kirya a ciki. Ya ce a da akwai itatuwan kirya a bakin fadama, an sare su tun da daɗewa, kuma ubansa ne kaɗai ke rataya amya a kansu. Shekarar da aka cika tandun nan ubansa ne ke riƙe da ludayi. A tulun gida an yi ta ƙara sabuwa har ɗanɗanon ya ɓace, shi kansa ya manta da shi. A nan kuwa ba abin da ya taɓa shi.

Ya sake tsoma tsinken, ya miƙa ta gefe ba tare da ya juya ba. Gwaggo ta karɓa. Shekarun nan duka tana ajiye da abin, sai ranar ta ji ɗanɗanonsa.

Sannan ya ce, "Ina amaryar nan mai buta? Zo ki ji abin da kika kusa kashewa."

Aka sayo sabon tulu, kuma ni ya ɗora wa aikinsa: in shanya shi kwana bakwai ina juya shi yana bin rana, in shafe cikinsa da narkakken kaki, in sake shanyawa. A nan ne ya zauna ya gaya mini dalilin kowane abu, har da na ludayi, abin da da an gaya mini tun farko da ba a kai nan ba. Na faɗa masa haka. Ya ce gaskiya ne, shi ma ba a gaya masa ba, kallo ya yi.

Da aka juye tandun, ko gindin tulun bai gama rufewa ba. Na ce a cika da sabuwa mana. Ya ce in aka yi haka an nutsar da tsohuwar, kaɗan-kaɗan za a riƙa ƙarawa duk shekara har ta rina. Na tambaye shi shekara nawa. Ya ce shi dai ba zai gani ba, ni ce zan gani, in ban ƙone da gaggawa kafin lokacin ba.

Damina biyu ya ƙara. Kafin rasuwarsa ya ba ni sabon tandu, babu komai a ciki. Ya ce da wannan bakin nawa bai ga mai aurena nan kusa ba, gara ya ba ni nawa tun yanzu, Baba ya cika mini idan tulu ya kai wuya. Ya maimaita mini maganar da aka gaya wa Gwaggo, da bakinsa, yana kallona.

Bara tulun ya kai. Tandun Gwaggo aka fara cikawa, don ta aiko tun kafin a tambaye ta cewa a mayar mata da kayanta. Ludayin farko da ya fita waje kuwa Madam na kai wa, a kwanon da na goge har sau uku. Ta shinshina ta ce wannan karon ban iya dafawa ba.

Nawa tandun yana nan a ɗakina a Daura, inda nake ɗinki yanzu, a ƙasan akwati. Na iya ɗaukarsa in ji nauyinsa in mayar. Duk yarinyar gidanmu da ta kai ta riƙe buta, nakan ja ta har ƙofar ɗakin tulu in gaya mata abin da ruwa ke yi wa zuma, da wadda ta taɓa zubawa. Ba na jira ta tambaya.